Haɗiyar Momo Isikeli

Shekara ashirin da biyu na yi ina jinyar waɗanda aka yi wa tiyata a asibitin garinmu a Fiji. Na taɓa riƙe ɗaki mai gado talatin ni kaɗai ranar da guguwa ta ɗauke wuta. Da na zo Ostareliya sai kwamfutar jarrabawar lasisin nas ta ce wai ban san mara lafiyan da ya kamata in fara dubawa ba. Sau biyu tana faɗa mini haka, ko kunyar furfurata ba ta ji ba.

Sunana Torika. A Griffith muke zaune ni da mijina Sakiusa, shi yana jan motar lemo, ni ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Aikin nawa wanka ne da canza zanen gado da ba da abinci a baki. Ban raina shi ba, amma ƙwayar ciwon kai guda ɗaya ba ni da ikon miƙa wa mutum sai na kira nas mai lasisi, wata yarinya da na tabbata ranar da na fara ɗaura wa mutum ƙarin ruwa ko bikin uwarta ba a yi ba. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa na rantse a gaban Sakiusa cewa zama na uku shi ne na ƙarshe. In na sake faɗuwa na haƙura da aikin nas har abada, agogon ƙirjina ma in ba da shi kyauta. A lokacin saura mako uku a yi jarrabawar.

Mai koya mini karatun taubashiyata ce, Vasemaca, 'yar Momo Isikeli wan mahaifiyata. Momo muke ce wa kawu. Na ba Vase shekara tara, ni na goya ta, amma ta riga ni zuwa ƙasar ta ci tata jarrabawar a zama ɗaya, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Tsakaninmu akwai wasa irin na taubasai, don haka ba ta raga mini ko kaɗan.

Kowace Asabar da safe takan zo gidana da littafin tambayoyi, ta zauna a teburin kicin ta cinye mini burodi.

“Dauve, buɗe kunnenki,” in ji ta wata Asabar. Haka mukan kira juna. “Mutum huɗu aka fito da su daga tiyata. Tsoho mai shekara tamanin da biyu, jiya aka gyara masa ƙugu, ya ce ciwonsa biyu cikin goma, gwajinsa duk daidai. Mace mai ciwo takwas tana jiran magani. Wani yana jiran takardar sallama. Sai saurayi da aka buɗe wa ciki awa biyu da suka wuce, bugun zuciyarsa yana ta hawa, fitsarinsa ya ja baya. Wa za ki fara dubawa?”

“Tsohon,” na ce.

Ta ajiye burodin. “Saboda me, don Allah?”

“Ƙarya yake yi. Dattijon da ya ce biyu, takwas yake nufi. Kin taɓa ganin babban mutum ya yi raki a gaban mace?”

“Wannan ba ɗan ƙauyenmu ba ne, rubutu ne. Ba shi da kunya, ba shi da surukai. In ya ce biyu, biyun ce. Saurayin nan jini yake zubarwa a ciki, ke kina can kina gaisuwa.” Ta buga littafin a tebur. “Matsalarki kina raba marasa lafiya kamar kina raba yangona.”

Ta taɓo ni a inda yake ciwo. A wurinmu in an dama saiwar yangona a babban akushi ana zaman sha, ƙoƙon farko na babban wurin ne, sannan mai bi masa, har a gangaro kan mata a ƙarshen tabarma. Tun ina rarrafe na san wannan jerin. A ɗakin asibiti idona da kunnena suke yi mini jagora, ban taɓa ruɗewa ba. A takarda kuwa babu fuska, babu gumi, sai shekaru, kuma da na ga tamanin sai ƙafata ta nufi can da kanta. Akwai kuma wani tsoho da ban manta ba. Ya ce mini, “Lafiya lau, 'yata, je ki duba wasu,” na tafi, kafin in dawo cikinsa ya cika da jini. Da ƙyar muka ƙwato shi.

Vase ta sa ni in maimaita karatunta kamar 'yar aji ɗaya. “Iska ta shiga, ƙirji ya ɗaga, jini ya zaga. Sauran duk za su iya jira. Ciwo bayan tiyata abin da ake tsammani ne, kuma abin da ake tsammani ba ya tsallake layi.”

“Ni kike koya wa wannan? Ni da na wanke miki kashi?”

“To ki faɗa wa kwamfutar haka, wataƙila ta ƙara miki maki.”

Da ta ga takarda ba ta shiga kaina sai ta ɓullo da wata dabara. Ranar Lahadi bayan sujada, in an gama cin abinci a zauren coci, za ta kwantar mini da mutane na gaske, kowa da kati a hannu, in zaɓa a gaban jama'a. Ta ce ko kunyar idon mutane za ta gyara ni. Mutanenmu kuwa in ka ce musu wasan kwaikwayo ne to ka gama da su, har rigima aka yi wajen neman shiga.

Ranar an yi zafi sosai. Aka ci gwaza da rogo da kifi a madarar kwakwa, aka ture kwanuka gefe, aka shimfiɗa tabarmi huɗu a tsakiyar zaure. Mutum kusan arba'in suka zauna suka kewaye mu suna fifita.

Tabarma ta farko Nei Asenaca ce, gwaggon Sakiusa. Katinta ya ce jiya aka yi mata aikin gwiwa, ciwo takwas. Tun kafin a ce a fara ta soma birgima tana kiran sunan marigayin mijinta. Ta biyu Sakiusa ne, kwana biyu da aikin hanji, wai har yanzu bai yi tusa ba. Da aka karanta katinsa zauren ya kece da dariya, wani daga baya ya ce likitan da ya rubuta wannan bai taɓa shiga motar lemo ba. Ta uku matar fasto ce, awa uku da cire mata maƙoƙo, muryarta ta dushe, numfashinta yana fito. Ta kwanta tana ta ƙoƙarin yin fiton, dariya tana hana ta.

Ta huɗu Momo Isikeli ne. Shi ne babbanmu a garin, shekararsa saba'in da ɗaya, kuma shi kaɗai ne a cikinsu aka yi wa aiki da gaske. Kwana bakwai ke nan da aka cire masa wani tsiro a maƙogwaro, aka sallame shi, aka ce ya huta ya ci abu mai laushi. Vase ta sa shi ne don ya zama mini tarko. Katinsa ya ce lafiyarsa ƙalau, takardar sallama kawai yake jira. Bai kwanta ba, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya miƙe baya kamar yadda ya saba.

Vase ta ɗaga wayarta. “Minti ɗaya gare ki. In kika nufi babana, yau sai kin wanke kwanukan nan duka.”

Amsar a fili take, ko makaho ya laluba ya same ta. Matar fasto ce, domin iska ce ta kusa daina shiga. Na ɗaga ƙafa zan nufe ta, zuciyata fes, har na fara shirya baƙar maganar da zan yaɓa wa Vase. A hanya na wuce ta gaban Momo, na sunkuya na ce gafara kamar yadda ake yi. Sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya haɗiye abu. Ban kai ga ɗaga ɗaya ƙafar ba ya sake haɗiyewa.

Na tsaya. Babu abinci a gabansa, babu ruwa, na ma tuna ko loma bai kai baki ba da ake cin abinci. Na ƙirga a raina, kafin in kai goma ya haɗiye sau uku. Kowa a zauren yana gumi, amma nasa daban ne, ya tsattsafo a saman leɓe, leɓen kuma ya yi fari-fari.

Ruwa ba ya tsami banza. Na juya na durƙusa a gabansa.

Zauren ya ɗauki ihu da tafi. Nei Asenaca ta tashi zaune ta manta da gwiwarta. “Ta faɗi kuma. Ni da nake ta mutuwa a nan ko kallo ban samu ba.”

“Dauve, kin kashe matar fasto,” in ji Vase, tana dafe kai. “Haba, sau nawa zan faɗa miki?”

Ban kula su ba. Na kama wuyan hannun Momo, na zaro agogon ƙirjina daga aljihu. Hannun sanyi ƙalau. Bugun ɗari da goma sha takwas, siriri, yana gudu.

“Momo, me kake haɗiya?”

Ya ɗaga mini katin, ya nuna da yatsa inda aka rubuta lafiyarsa ƙalau. Har da ɗan murmushi.

“Na ga katin. Kai nake tambaya. Tun yaushe?”

Ya ƙi buɗe baki. Nan na gane komai. Mutumin nan ba zai tofa yawu a gaban mata da surukai a zauren coci ba ko da ransa zai fita. Da safe na ji muryarsa mai kauri a cikin mawaƙa har na ce a raina Momo ya warke, ashe waƙar ce ta ɓalle ɓawon ciwon.

A wurinmu ba a taɓa kan babba, ba a ma miƙe tsaye a kansa. Amma 'yar ƙanwa tana da wani iko a gidan kawunta, takan ɗauki abin da ta ga dama ba mai ce mata don me. Ban taɓa amfani da nawa ba sai ranar. Na jawo wani kwanon roba da aka ci rogo a ciki, na sa hannu na dafa ƙeyarsa, na sunkuyar da kansa gaba.

“Gafara, Momo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tofa.”

Ya dube ni ta gefen ido, ya ga ba wasa a fuskata. Ya tofa. Jini ne ja wur, da guda-guda, ya rufe gindin kwanon.

Wayar Vase ta faɗi a tabarma. “Ta,” ta ce, haka take kiran babanta, muryarta ta koma ta yarinyar da na goya. Nas ce ƙwararriya, amma ubanta ne, sai ta daskare a tsaye.

“Vase, ɗauki wayarki ki kira motar asibiti. Ki ce kwana bakwai da aikin maƙogwaro, jini sabo, bugu ɗari da sha takwas, yana numfashi da kansa. Sakiusa, tashi ka kawo ƙanƙara daga kula, ka naɗe a tawul. Nei, ki kwashe yara ku fita. Kada wanda ya ba shi ruwa, kada wanda ya kwantar da shi.”

Wallahi na yi shekara uku ban ji muryata ta fita haka ba. Kowa ya bi abin da na ce. Na ɗora ƙanƙarar a wuyansa, na riƙe goshinsa, ina ce masa ya yi ta tofarwa kada ya haɗiye, ina duba agogo ina faɗa wa Vase lamba tana isar wa masu motar. Maza suka juya baya suka yi masa katanga don kada a kalle shi. Matar fasto, wadda aka ce na kashe, ita ta ja addu'a.

Cikin minti goma sha biyu motar ta iso. Kafin la'asar an shiga da shi an ƙone jijiyar da ke zubar da jinin, aka ƙara masa jini leda ɗaya. Likitan ya ce abin da ya haɗiye ya fi abin da ya tofar yawa.

Muna zaune a barandar asibitin ni da Vase, kowa da shayi a kofin takarda. Ta gama kukanta, hancinta ya yi ja. Na ɗauka godiya za ta yi, har na gyara zama.

“Dauve, me ya kai ki wurinsa?” ta ce.

“Haɗiya.”

“Ba furfura ba?”

“Wace furfura? Ai matar fasto na nufa. Haɗiyar na gani, da gumin, da leɓen.”

“To shi ke nan.” Ta share hanci. “Ba girmansa kika bi ba, alama kika bi. A takarda ma haɗiyar za ki nema. Mutum yakan ɓoye tasa, takarda kuwa dole ta rubuta miki ita a wani layi. In ba ta rubuta ba, babu ita. Ki daina ƙirƙiro wa tsofaffin kwamfuta ciwon da ba su da shi.”

Abin haushi, yarinyar nan ta yi gaskiya. Na ce mata duk da haka ita za ta wanke kwanukan.

Ranar jarrabawa na shiga jirgi zuwa Sydney da sassafe. A wurin jarrabawar suka karɓe jakata da agogona, suka zaunar da ni a wani ɗan akurki gaban kwamfutar nan da ta raina ni. Tambaya ta tara sai ga mutumina: shekara tamanin da huɗu, kwana ɗaya da tiyata, ciwo biyu, komai daidai. Zuciyata ta ce, je ki gaishe shi. Na karanta layinsa sau biyu ina neman haɗiya, babu. Na gangara ƙasa, sai ga ta a wurin wata mai shekara talatin: ta kasa zama wuri ɗaya, numfashi ashirin da takwas, ta ce ƙirjinta ya ɗaure.

“Gafara, Momo, za ka iya jira,” na ce a hankali, na danna matar.

Haka na yi ta yi. Duk dattijon da na tsallake sai na nemi gafararsa. Wajen na biyar mai gadin jarrabawar ta zo ta tsaya a kaina ta sa yatsa a leɓe, na koma ina yi a zuci. Ba duka na tsallake ba. Akwai wata tsohuwa da aka rubuta cewa da safe tana hira, yanzu ba ta san inda take ba, ita kam da gudu na je mata. A tambaya ta tamanin da biyar allon ya ɗauke, alamar jarrabawar ta ƙare. Na fito ban san ko na ci ko na faɗi ba, na sayi soyayyen kifi da dankali na zauna a bakin ruwa na cinye, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Sakamakon ya same ni a wurin aiki, ina ɗakin wanki ina ninke zanen gado. Na karanta saƙon sau uku. Na zauna a kan kwandon wanki na yi kuka sosai, na daɗi, har nas ɗin nan yarinya ta leƙo ta tambaya ko ina buƙatar nas. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, an kusa samun biyu a ɗakin. Saura jarrabawar aikin hannu, wannan kuwa ko daga barci aka tashe ni ba na jin tsoronta.

Lahadin da ta biyo baya aka yi zaman yangona a zauren coci, na murnar tashin Momo da cin jarrabawata. Ya rame kaɗan, an kuma hana shi waƙa wata guda, abin da ya fi aikin kansa yi masa ciwo. Ya zauna a mazauninsa a can sama, maza suka jeru, mu mata muna ƙarshen tabarma. Vase tana gefena tana ba kowa labarin cewa ita ta ci jarrabawar, ni hannu kawai na ara mata.

Sakiusa ne mai rabo. Ya cika ƙoƙon kwakwa na farko, ya tafi a sunkuye ya durƙusa gaban Momo ya miƙa da hannu biyu. Aka jira Momo ya tafa sau ɗaya ya karɓa. Bai tafa ba.

“Sakiusa, ka duba da kyau,” ya ce, muryarsa a dushe. “Wa ya kamata a fara da shi a ɗakin nan?”

Momo ya ɗaga hannu ya nuna ƙarshen tabarma, inda nake. Tun da nake ban taɓa ganin ƙoƙon farko ya wuce maza ya gangaro wurinmu ba.

“Momo, ba a yin haka,” na ce.

“Kai mata,” ya ce wa Sakiusa. Sannan ya dube ni. “Ni zan iya jira, 'yata.”

Mijina ya taso ya ratsa zauren da ƙoƙon, ya durƙusa a gabana, idonsa ya ciko. Na tafa sau ɗaya na karɓa. Na tsaya ina kallon ƙoƙon a hannuna, cike har baki.

“Sha mana, dauve,” in ji Vase a kunnena. “Kada ki zubar mana a tabarma, babana yana layi.”

Na kafa kai na shanye, zauren duka ya tafa sau uku.